Ranar da Muka Gasa Ƙafar Bulus

Larabar makon jiya dusar ƙanƙara ta sauka a Germantown, ta rufe motoci har rabin taya. Da safe na ɗauki shebur na fita in buɗe hanya. Ban yi rabin awa ba yatsun ƙafata suka fara mutuwa. Na jingine shebur, na shiga gida, na tari ruwa a roba, na tsoma gwiwar hannu na gwada ɗuminsa kamar mai shirin yi wa jariri wanka, sannan na zauna na sa ƙafafu. Matata ta wuce da kofin shayinta. Ta daɗe da daina tambaya. Kusan shekara arba'in ke nan ba na kai ƙafa mai sanyi kusa da hita, kuma duk ranar da na zauna haka a bakin roba, Bulus nake gani.

A tsakiyar shekarun 1980 na zo Amurka karatu daga Wusasa, ina da shekara ashirin da biyu, da akwati ɗaya wanda rabinsa littattafai ne. Wanda ya karɓe ni Yaya Dauda ne, mutumin Jos, mai aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a nan Germantown. Ba dangina ba ne, wasiƙar wani fasto ce ta haɗa mu. Amma shi ya je filin jirgi ya ɗauko ni, shi ya cire kwat ɗinsa ya yafa mini a wurin fakin, shi ya koya mini shiga jirgin ƙasa da yadda ake magana da mai gidan haya. Ya girme ni da shekara goma sha uku. Ina so a riƙe wannan, domin duk abin da zan faɗa a kansa ya tsaya.

Mu huɗu ne a gidan, ɗaki biyu da falo. Akwai Mamman, mutumin Maraɗi, mai aikin injina a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, wanda ba ya fara magana sai ya ce "bon", wato "to" da Faransanci. Sai Bulus, ɗan Kagoro, sa'ana, abokin ɗakina. Bulus ɗan ƙwallo ne, yana buga wa kwalejinmu, kuma da hagu yake bugawa. Yakan ɗora ƙafar nan a kan teburin falo, ya shafa ta, ya ce, "Ku gaida gonata. Ita za ta gina wa mamana gida." Kocinsu ya gaya masa cewa da zarar sanyi ya wuce, wasu manyan makarantu za su turo masu kallon wasansa.

Sanyin shekarar nan da wuri ya zo. Muka liƙe tagogi da leda, muka cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Hita a hannun Yaya take, ba mai taɓa ta sai shi, kuma ƙasa-ƙasa yake barinta, saboda haka da safa da hula muke kwana. Asabar da yamma Yaya ya tuƙa tuwon semo a babbar tukunya, Mamman ya kaɗa kukar da aka aiko masa daga gida, yana auna ta da cokali kamar magani don kada ta ƙare kafin wani ya taho daga ƙasa. Bulus ya yi shara yana waƙa. Ni nawa wanke-wanke ne da rubutu. Komai na gidan a ɗan littafina yake: ranar fitar da shara, lokacin jirgi, wa ke da girki. Shi ya sa suka sa mini Akawu. Ba ni da yawan magana. Idan aka yi baƙi, kicin nake shigewa.

Maganar hawan dutse daga wurin aikin Yaya ta fito. Wasu abokan aikinsa Turawa suna hawa, sai wata rana ɗayansu ya ce masa cikin wasa, mutumin Afirka ba zai yini a jikin dutse cikin ƙanƙara ba. Yaya ya shigo gida bai ko cire takalmi ba.

"Ni? Ɗan Jos? Mu da ruwa ke daskare mana a randa?"

"Bon, Yaya, a randa kuma?" in ji Mamman.

"Kai ka yi shiru, mutumin rairayi. Bulus, kai ba a kan dutse aka haife ka ba?"

"A kan dutse aka yanke mini cibiya, Yaya."

"Akawu fa?"

"Muna da dutsen Kufena," na ce a hankali.

Suka fashe da dariya. Bulus ya ce Kufena ai turmi ne aka kife a bayan gari.

Duk Asabar ɗin kaka muka yi ta zuwa duwatsun bakin kogin Potomac, inda wani dattijon Bature ya koya mana aikin: yadda ake ɗaura ɗamara a ƙugu, yadda ake ƙulla igiya, yadda na gaba yake cusa ƙarfe a tsagar dutse ya maƙala igiyar, na ƙasa kuma yana sakar masa ita kaɗan-kaɗan. Muka mayar da kiraye-kirayen cikin Hausa: "Na ɗaure!" "Taho!" "Ja!" "Saki!" Dattijon ya yaba mana, amma ya ce mu bari sai mun shekara biyu muna yi kafin mu taɓa dutse mai ƙanƙara. Yaya ya yi masa godiya sosai. Da muka shiga mota ya ce, "Janairu za mu."

Ni kuma na yi abin da na iya. Na ari littafin hawan dutse a laburare, na karanta shi sau biyu, na kwafe abin da ya shafe mu a ɗan littafina. Shafin sanyi na ja masa layi da jan biro. Idan ƙafa ta jiƙe, a canza safa nan take, ko a sauka. Idan ƙafar da ke ciwo ta daina ciwo, ba sauƙi ba ne, ta fara daskarewa. Idan kuwa ta daskare, kada a murza, kada a kai ta bakin wuta, kada a sa ruwan zafi, sai mai ɗan ɗumi. Kuma in mutum zai sake taka ƙanƙara, gara a bar ta a daskare har a kai shi asibiti. Na haddace shafin nan kamar ayar makarantar Lahadi.

Kayanmu rabi aro ne, rabi gwanjo, har da gatarin saran ƙanƙara da ƙarafan da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi don kada a zame. Takalman da Bulus ya samu sun ɗan matse shi, ya kuma cusa safa biyu masu kauri a ciki, wai don ɗumi.

Wata Juma'a a Janairu muka ɗauki hanya a tsohuwar motar Yaya, awa huɗu zuwa cikin duwatsun West Virginia. Dusar ƙanƙara ta toshe ƙarshen hanyar, muka bar motar a bakin titi muka taka kamar minti ashirin zuwa wata bukkar katako da ake bai wa masu hawa, mai murhun ƙarfe a tsakiya. Da gari ya waye muka ga abin da muka zo nema. Fuskar dutsen arewa take kallo, rana ba ta taɓa ta a wannan watan. Baƙa ce, a tsaye kamar bango, da wani kwararo a tsakiyarta inda ruwa ya daskare ya yi shuɗi-shuɗi. Bulus ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ya ce, "Akawu, rubuta: yau Kufena ta ga babanta."

Tsakaninmu da gindin dutsen akwai rafi da ya daskare. Yaya ya haye, Mamman ya haye. Bulus ya zo tsakiya yana wasa, yana karkacewa kamar mai yanke 'yan baya, sai ƙanƙarar ta ce ƙaras, ƙafarsa ta hagu ta nutse har ƙwauri. Ya zaro ta yana dariya, ruwa na tsiyaya daga bakin takalmin. Na duba agogo, don haka na saba: takwas da minti goma.

A jakata akwai busasshiyar safar ulu, a naɗe cikin leda. Na ciro ta na miƙa masa.

"Canza," na ce.

Ya miƙo hannu. Sai Yaya ya juyo daga gaba.

"Me kuke yi a nan? A kwance takalmin nan da ƙarafansa, a sake ɗaurawa, rabin awa ke nan. Ranar nan gajera ce. Bulus, ɗan ruwan nan ne zai tsayar da kai?"

"Ina! Ba komai, Yaya. Tafiya za ta busar da shi."

Ya janye hannunsa. Na mayar da safar cikin jaka. A gidanmu, idan babba ya yi magana a gaban mutane, ƙarami ba ya ɗora tasa a kai, sai dai ya jira ya same shi shi kaɗai. Na ce a raina zan ja Yaya gefe a gindin dutse. Kafin in iso har ya ɗaura igiya ya kafa gatarinsa.

Hawa uku muka raba dutsen. Yaya ne gaba, Mamman na sakar masa igiya. Idan ya sami wurin tsayawa ya kafa ƙarafa ya ɗaure kansa, sai ya jawo mu ɗaya bayan ɗaya. Ni ne na ƙarshe, ina cire ƙarafan ina rataye su a ƙugu. Abin da ba mu yi tunaninsa ba shi ne jira. Kowane hawa sai da ya ci fiye da awa biyu, kuma yawancin lokacin a tsaye muke cik, a kan ɗan dakalin dutse da bai fi faɗin benci ba, ba halin zama, ba halin tsalle.

Sanyin wurin ba irin na gida ba ne, wanda zai fasa maka leɓe ya ƙyale ka. Wannan ta haƙori yake shiga. Numfashi yana daskarewa a gashin hanci. Iska tana gangarowa ta kwararon tana watsa mana garin ƙanƙara a ido. Ruwan gorarmu ya zama dutse tun kafin sha ɗaya. Burodi ya ƙi gutsuruwa. Kilishin Mamman sai an sa shi a baki an jira, kamar alewa, kafin ya yarda a tauna. Yunwa ta kama mu, amma cire safar hannu don a ci abinci ya fi yunwar ciwo.

Ba zan rage wa Yaya abin da yake nasa ba. A hawa na biyu ƙanƙara ta ɓalle a ƙarƙashin ƙafar Mamman, ya subuce, ya yi lilo a sarari, ƙasa na can nesa a ƙarƙashinsa. Igiyar ta zarce a hannun Yaya, ta cinye safar hannunsa har ta kai fata, amma ya riƙe. Muna jin muryarsa daga sama, ba rawa a cikinta: "Mamman, dube ni. Kada ka dubi ƙasa. Sa ƙafar dama a tsagar nan. Yauwa. Taho." Mamman ya hau yana salati, ya rungume Yaya. A wannan lokacin da Yaya ya ce mu bi shi cikin wuta, da mun bi.

A dakali na biyu, Yaya ya riga ya kama hawa na ƙarshe, Mamman na kula da igiyarsa, ni da Bulus muna manne da juna a gefe. Tun safe Bulus yake buga ƙafar hagun nan a jikin dutse yana tsaki. Wajen ɗaya da rabi na lura ya daina.

"Akawu, albishirinka. Ƙafar ta daina ciwo."

"Kana jin yatsun?"

"Ba na jin komai. Ta saba ke nan."

Na dubi takalminsa. Layin jan biron ya tsaya mini a ido. Wurin bai isa a kwance takalmi ba, abin da ya rage shi ne a ce a sauka. Na ɗaga kai. Yaya na can sama, manne da ƙanƙara, hannunsa mai jini riƙe da gatari, saura kaɗan ya kai. Na buɗe baki. Sai muryarsa ta gangaro: "Na ɗaure! Taho!" Muka tafi.

Uku da kwata muka kai saman. A can akwai rana, ta bugi fuskokinmu, muka yi ta ihu kamar yara. Mamman ya ɗora kyamararsa a kan dutse, ya danna, ya rugo cikinmu. A hoton, Yaya ya ɗaga gatari sama, Mamman ya buɗe baki, Bulus ya ɗaga ƙafar hagu kamar zai buga ƙwallo. Ni ina gefe, kaina a sunkuye. Duk wanda ya ga hoton cewa yake, Akawu ko a saman dutse kunya. Takalmin nake kallo.

Ta bayan dutsen muka gangaro, inda akwai 'yar hanya. Awa biyu muka yi, Bulus yana jan ƙafar kamar ta katako ce aka ɗaura masa. Daidai magariba muka shiga bukkar. Mamman ya hura murhu. Mu biyu muka ja takalmin kafin ya fita. Safar ta manne, sai da muka yanka ta da wuƙa. Yatsun sun yi fari fat kamar kyandir, wani wurin toka-toka. Yaya ya ƙwanƙwasa babban yatsan da farce, ya yi ƙara kamar icce. Ba wanda ya yi dariya.

"Jini ne ya tsaya," in ji Yaya. "A ɗora ruwa. Gashi za a yi masa."

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san gashi. Targaɗe, gashi. Mai jego, gashi. Sanyi ya kama tsoho, a tafasa ruwa, a tsoma tsumma, a danna, a murza man zafi, a matso da shi bakin wuta. Da shi iyayenmu suka yi mana magani, kuma mun warke. Yaya ba mugunta yake nufi ba. Tafin hannunsa yana jini bai ko kula ba, ƙafar Bulus ya rungume a cinyarsa.

Wannan karon na yi magana. Na ciro ɗan littafina.

"Yaya, na karanta wai ba a sa ruwan zafi. Sai mai ɗan ɗumi. Kuma wai ba a murzawa. Tunda gobe zai sake taka ƙanƙara kafin mu kai mota..."

Muryata ko bangon bukkar ba ta kai ba. Yaya ya dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da ake yi wa yaro ya sa baki a maganar manya.

"Akawu, sau nawa ka taɓa ganin sanyi kafin bara? Kakata ta gasa ƙafafu a Jos tun ba a haifi wanda ya rubuta littafin nan ba. Ruwa mai ɗumi ne zai tayar da wannan? Ajiye takarda ka kawo tukunya."

Na dubi Mamman. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Bon, Yaya ya fi mu sani." Ɗazu-ɗazu aka riƙe ransa a igiya, me zai ce? Na dubi Bulus. Ya yi mini murmushi.

"Bari a yi, Akawu. Ni dai a dawo mini da gonata."

Na ajiye littafin. Na sauke tukunyar daga murhu tana tafasa. Ni na zuba ruwan a kan tawul.

Tururi ya cika bukkar, da warin man zafi da na jiƙaƙƙen ulu. Yaya yana dannawa, yana murzawa da ƙarfinsa duka. Da yake ƙafar ba ta jin komai, ba abin da zai gaya mana ruwan ya yi zafi da yawa. Bulus har cewa yake, "Ƙara, Yaya, ban ji ba." Na ƙara. Aka matso da ƙafar jikin murhun ƙarfen har gashin ƙwaurinsa ya fara ƙauri. Can sai jin ya dawo. Ban taɓa jin namiji ya yi irin kukan nan ba. Hausar ta gudu daga bakinsa, Turancin ma ya gudu, da yaren Kagoro yake kiran mamansa. Yaya ya share gumi ya ce, "Kun gani? Jini ya taso."

Da safe ƙafar ta kumbura, ta yi bororo manya-manya masu duhun jini. Takalmi ya ƙi shiga. Muka naɗe ta da tawul da leda, ya rataya a kafaɗata da ta Mamman, muka taka minti ashirin ɗin nan cikin dusar ƙanƙara. Ledar ta yage tun a rabin hanya. Kafin mu kai mota tawul ɗin ya jiƙe ya sake daskarewa. A hanya muka wuce allo mai nuna asibiti, Mamman ya ce ko a tsaya. Yaya ya ce kada mu je mu zama abin dariya a ƙauyen Turawa, mu kai shi gida Saratu ta duba. Anti Saratu nas ce a garin Clinton, 'yar garin su Bulus, ita ce kamar yayarsa a ƙasar nan. Tana kan aiki, ba ta samu zuwa ba sai Litinin da safe. Ta kwance tawul ɗin, ta duba, ba ta gaida kowa ba. Ta ce mu ɗauko shi zuwa motarta.

Likitoci sun jira makonni su ga abin da zai farfaɗo. Yatsun suka yi baƙi, suka bushe. A ƙarshe aka yanke uku, har da babban. Ina tsaye riƙe da takardunsa lokacin da likitan yake gaya wa Anti Saratu cewa sanyin ya yi tasa ɓarnar, amma ƙuna da murza da sake daskarewa su suka ƙarasa. Da an kawo shi yadda yake, mai yiwuwa da fata kawai zai rasa.

A barandar asibitin ta tare ni. Ita kaɗai ke kirana da sunana.

"Habila, wa ya sa masa ruwan zafi?"

"Mu duka ne, Anti."

"Kai da kake karatu kamar za ka cinye takarda, ba ka san ba a yi ba?"

"Na sani."

"Ka sani." Ta daɗe tana kallona. "Da ce mini ka yi ba ka sani ba, da na fi samun sauƙi."

A coci labarin da ya zaga daban ne. Sanyin Amurka ya ci ƙafar Bulus, nufin Allah ne. Aka yi ta yaba wa Yaya, ya hau da mutum uku ya sauko da su da rai, ga shi kullum yana kai abinci asibiti. Wannan ma gaskiya ne, bai taɓa fashi ba. Sanyi ya wuce, masu kallon wasa suka zo, suka kalli wasu. Bulus ya gwada gudu sau ɗaya a filin bayan gidanmu, ina kallonsa ta taga, ya faɗi sau biyu, ya ɗauki ƙwallon ya shigo. Ƙarshen shekara ya haɗa kayansa ya koma gida. Gadonsa ya zauna ba kowa har na bar gidan.

Yanzu kayan hawa sun canza. Takalma ba sa shan ruwa, akwai safa mai batir, waya tana gaya wa mutum irin iskar da za a yi gobe. Na ga yaranmu da aka haifa a nan suna ce wa iyayensu "a'a" a teburin abinci, ido cikin ido. Wani lokacin abin yana ɓata mini rai. Wani lokacin kuma sai in yi ta kallonsu.

Shekara goma sha biyu da suka wuce na je gida, na shiga mota har Kagoro. Na sami Bulus yana koyarwa a firamare, ya yi tumbi, yana ɗingishi. Muka zauna a gindin mangwaro, dutsen garinsu na gabanmu. Na rubuto abin da zan faɗa masa a takarda tun daga Germantown. Ina zaro ta ya riƙe mini hannu.

"Har yanzu takarda? Mayar da ita. Na san ka sani. Tun a rafi na ga fuskarka. Ni ma ai hannu na miƙa, wa ya hana ni karɓa? Kallo ɗaya Yaya ya yi mini." Ya saki hannuna. "Na taɓa safar nan da yatsa, ka sani. Laushi gare ta."

Na mayar da takardar aljihu.

"Amma Akawu, kai ne mai littafin. Da ka ɗaga murya sau ɗaya, sau ɗaya tak, da na bi bayanka."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ƙwala wa matarsa kira ta kawo mana kunu.

Jiya Lahadi aka yi taron godiya a gidan Yaya Dauda a Mitchellville, ya cika shekara saba'in da biyar. Falo ya cika da 'yan coci, da ɗalibai, da nas-nas sababbin zuwa daga Jos da Kafanchan. Anti Saratu tana kujerar bakin taga da sandarta. Hoton nan yana bango, an faɗaɗa shi, an sa masa gilashi. Kamar kullum wani ya tambaya, Yaya kuma ya gyara zama ya ba da labari: rafin, iskar, lilon Mamman. Yana da baki, har ni sai da na sake jin sanyin a haƙorina. Wata yarinya ta nuna hoton ta ce, "Baba, wannan mai ɗaga ƙafar fa?"

"Bulus ke nan. Sanyi ya ci masa yatsu, Allah sarki. Da ba mu yi masa gashi da wuri ba, da ƙafar gaba ɗaya za a yanke."

Na ga nas biyu sun kalli juna, suka mayar da ido kan farantansu.

"Ga Akawu nan," in ji Yaya, yana nuna ni da cokali, "komai a rubuce yake a wurinsa. Ko ba haka aka yi ba, Akawu?"

Falon ya juyo gare ni. Furfura ta cika mini kai, na aurar da 'ya'ya, na koyar da ɗalibai shekara talatin. Ɗan littafin yana gida cikin durowa, jan biron bai goge ba. Na ajiye farantina a kan gwiwa, na gyara murya.

"Haka ne, Yaya," na ce.

Anti Saratu ta kawar da kai, ta ci gaba da kallon dusar ƙanƙara ta taga. Wani ya ƙara mini shinkafa, na kuma ci.